Yadda Likitoci Suka Koyi Duban Bangon Hanji

A shekarar 1932, Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu a New York suka bayyana wata cuta mai kumbura ƙaramin hanji, wadda ta ɗauki sunansa. Takan lafa ta sake tasowa, don haka tambayar likita ɗaya ce kullum: yanzu tana ci, ko ta kwanta?

A da, majiyyaci kan sha ruwan bariyom a ɗauki hoton eksire, wanda ramin hanjin kawai yake nunawa. Na'urar CT ta nuna bangon, sai dai haskenta mai illa yana taruwa a jikin matashin da za a riƙa dubawa har tsufa.

MRI, wadda ta samo asali daga binciken Paul Lauterbur na 1973 da na Peter Mansfield, da maganaɗisu take aiki, babu wannan hasken. A 2009, Jordi Rimola da abokansa a Barselona suka fitar da ma'aunin MaRIA, mai auna kaurin bango, kumburi, gyambo da yadda bangon ke shan rinin allura.

Saura ƙiris: rarrabe ɗanyen kumburi da tsohon tabo har yau da wuya. Kumburi yana jin magani. Tabo kuwa sau da yawa sai tiyata.