Sanin al'adar abokin ciniki: daga fataucin goro a Zangon Kumasi zuwa aiki da mutanen Suwidin

Manyan kamfanonin duniya a yau suna kashe kuɗi wajen koya wa ma'aikatansu yadda za su zauna da wanda ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. Mu mutanen Zango wannan ilimi ba baƙonmu ba ne, domin a kansa aka kafa unguwarmu. Ita kanta kalmar zango, masaukin ayari take nufi.

Fatake daga Kano da Katsina sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, tafiyar watanni, suna kawo kanwa, da tufafin rini, da fatu, su koma da goron da ke fitowa daga dajin Asante. Babbar mahaɗar ita ce Salaga, kuma kada mu ɓoye, har da bayi ake sayarwa a kasuwarta. A Kumasi ma Musulmi sun riga Turawa zama: Baturen Ingila Bowdich, da ya zo a 1817, ya tarar da malamai a fadar Asantehene Osei Bonsu suna rubuta masa wasiƙu da Larabci. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake, sannan da Ingila ta kama Kumasi a 1896, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1903, Zango ya cika da Hausawa, Mosawa, Yarabawa, Wangarawa, Zabarmawa da sauransu, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su.

Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne maigida. Baƙo ya sauka wurinsa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, in ana bashi ya tsaya masa. Jarinsa amana ce da sanin mutane. Shi zai gaya wa baƙo cewa a taron Asante daga dama ake fara gaisawa a bi zuwa hagu, ba a miƙa abu da hannun hagu, ba a yi wa sarki magana kai tsaye sai ta bakin okyeame, kuma wanda bai je jana'izar abokin cinikinsa ran Asabar ya ba da gudummawa ba, ya rage wa kansa daraja a Kejetiya. Iyayenmu sun kiyaye duk wannan ba tare da sun taɓa aƙidarsu ba. Sun kuma ɗanɗana kishiyarsa a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, gidaje da shaguna da yawa suka tashi.

Yanzu ayarin ya sauya kama. Sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka tana Akara, an kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta ran 1 ga Janairu 2021. 'Ya'yanmu suna aiki a ma'adinai, da kamfanonin waya, da garejojin Suame, wasu ma daga ɗakinsu ta intanet. Cikin waɗanda suke haɗuwa da su akwai mutanen Suwidin, ƙasar Volvo, Scania, Ericsson da Sandvik. Su ma tsofaffin baƙi ne a wannan gaɓa, don su suka fara gina ganuwar Kef Kos a 1653, da sunan Carolusborg.

Al'adarsu ta aiki ta saɓa wa tamu ta fuskoki da dama. Shugaba da sunansa ake kiransa, babu ranka ya daɗe, babu durƙuso, kuma in ya tambayi ra'ayin ƙaramin ma'aikaci da gaske yake; wanda ya yi shiru don ladabi sai a ɗauka ba shi da abin faɗa. Shawara tana jinkiri wurinsu saboda sai an ji kowa, amma in an yanke an yanke. Ƙarfe tara tana nufin ƙarfe tara, kuma a nan muna ganin su suka fi mu kusa da abin da muke karantarwa na cika alkawari. Suna da hutun shan kofi tare da suke kira fika, inda ake sabawa da juna; ƙaurace masa kullum kamar ƙin zaman majalisa ne a wurinmu. Doka ta ba ma'aikaci hutun kwana 25 a shekara, yawanci a Yuli ake ɗauka, don haka kada ɗan kasuwa ya zargi abokin hulɗarsa da wulaƙanci in wasiƙa ta kwana a wannan wata. Kyautar da mu muke kira goro kuwa, suna iya yi mata kallon cin hanci. Gara a bar ta.

Wurin da aka fi samun saɓani shi ne addini, domin su a sirrin mutum suke ajiye shi. Duk da haka dokarsu ta 2008 ta hana wariya saboda addini a wurin aiki. A 2018 kotun ƙwadago ta ƙasar ta ba wata Musulma gaskiya, bayan an katse ganawar ɗaukarta aikin tafinta don ta ɗora hannu a ƙirji maimakon musafaha da namiji, aka biya ta diyyar kurona 40,000. Shawararmu ga wanda ba ya musafaha da wani jinsi ita ce ya gaishe da kowa a taron da hannu a ƙirji, maza da mata, cikin sakin fuska, don kada wani ya ji an ware shi.

A nan Gana, sashe na 17 na tsarin mulkin 1992 da dokar ƙwadago ta 2003 sun hana irin wannan wariya. Amma Juma'a ranar aiki ce, kuma shugaban da bai san hukuncinta ba ba zai tanadi lokacinta da kansa ba. Mai neman aiki ya faɗi buƙatarsa tun ranar ganawa: mintuna kaɗan na Azahar da La'asar, awa ɗaya ko fiye na Juma'a da zai rama da safe ko da yamma, hijabi ga mace, sauyin lokaci a watan azumi. Ya nemi a sa su a takardar ɗaukar aiki kafin ya sa hannu, ya kuma riƙe kwafinsa.