Alƙalin Labari da Alƙalin Zaure

Manomin ƙasar Bagwai, tun kafin ya taka ƙofar ɗakin shari'a, ya riga ya san alƙali a bakin masu tatsuniya. A can ne ya ji yadda dila, malamin daji, ke raba gardama tsakanin namun jeji da dabara guda. Da ya koyi karatun boko kuwa sai ya sake gamuwa da alƙalin a cikin littattafai. To, wannan alƙali na labari, ya yi kama da na zaure?

A shekarar 1933 Ofishin Fassara na Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausa, a 1934 aka buga waɗanda suka ci. A cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam da Malam Zurƙe su kan yi ta ƙulla wa juna sharri har magana ta kai gaban mahukunta, wanda ya fi wayo shi ke kuɓuta. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, fadawa suka kai sukar Makau wurin sarki a kan bayin da aka kamo a hari, aka kore shi ba da hakkinsa ba. Magana Jari Ce ma, wanda ya fara fitowa a 1937, cike ya ke da labarun hukunci, inda mai hikima kan gano ɓarawo nan take da wata dabara.

Tarihi ya nuna abin ba haka ya ke tafiya ba. Alƙalan ƙasar Kano da mazhabar Malikiyya su ke hukunci, suna duba Risala da Muhtasar da Tuhufa. Ƙa'idarsu sananniya ce: mai ƙara shi zai kawo shaidu, in ya rasa, wanda a ke ƙara ya yi rantsuwa. Shaidun nan kuwa sai an bincika halinsu kafin a karɓi maganarsu. Ashe alƙali ba shi da ikon yanke hukunci don kawai ya lura wani ya fi wani iya baki.

Akwai shaida a rubuce. Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, yana da majalisar shari'a, malamai na rubuta ƙararrakinta da Larabci. Na shekarun 1913 da 1914 sun tsira, har wani masani, Allan Christelow, ya fassara waɗansu ya buga a 1994. Wanda ya duba su ba zai ga aku mai magana ba. Abin da zai gani shi ne rikicin gona da na gida, da sata, da kisan kai, da maganar bawa da ɗa. Irin waɗannan su ne damuwar mutumin karkara kamar Bagwai, inda gona ke manne da gona, iyaka kuwa wata kuka ce ko jerin gamba. Yawancinsu ma a zauren mai unguwa ko dagaci a ke sulhunta su, abin da ya gagara shi ke wucewa gaba.

A shekarar 1934 ɗin nan da littattafan suka fito, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan don horar da alƙalai. A 1960 dokar laifuffuka ta Jihar Arewa ta fara aiki, aka kuma kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci. A 1967 aka rushe kotunan sarakuna, bayan haka alƙalai suka fita daga hannun En'e suka koma na gwamnati. A 2000 Jihar Kano ta maido da hukuncin Musulunci a kan laifuffuka.

Amma fa kada a ce marubutan sun yi ƙarya gaba ɗaya. Abin da ya sami Makau ya sami talakawa da yawa, domin inda mai mulki shi ne mai hukunci, maganar na kusa ta kan riga ta na nesa shiga kunne. Wannan tsoro labari ya faɗe shi sosai, littafin kotu kuwa bai cika rubuta shi ba. Inda labari ya gaza shi ne wajen nuna hanya: ya bar shaidu, da jinkiri, da rajista, da ɗaukaka ƙara, don ba su da daɗin ji.

Saboda haka wanda ya iya karatu ya sha daɗin Ruwan Bagaja, amma ran da aka ci masa iyakar gona kada ya tafi da wayon Alhaji Imam. Ya nemi dattawan da suka san iyakar, ya karanta sammacinsa da kansa, ya adana takardar hukunci, ya kuma tuna akwai alƙali a bisa alƙali.