Masarar da aka shanya da lissafin Gibbs

Duk wanda ya tashi a Malumfashi ko Funtua ya san yadda ake shanya masara bayan girbi. Ɗanyar ƙwaya tana karɓar zafi daga iska, tana kuma sakar mata ruwa har ta bushe. Idan aka zuba ta a buhu da sauran danshi, sai ta yi fumfuna, wahalar damina ta tafi a banza. Wannan musayar tana da lissafi, lissafin kuma yana da tarihi.

Mai shi Josiah Willard Gibbs ne, malami a Jami'ar Yale ta Amurka, wanda aka haifa a 1839. A littafinsa na 1902 ya ce tunda ba za a iya bin kowace ƙwayar zarra ɗaya bayan ɗaya ba, sai a ƙaddara kwafin abu guda masu yawa, a lissafa halin da ya fi yiwuwa. Ya kasa su uku. Na farko kamar shayi a fulas: zafi ba ya fita, ruwa ma haka. Na biyu kamar kwalba a rufe cikin randa: zafi na wucewa, abin ciki yana nan. Na uku, wanda za mu kira babban jeri, shi ne buɗaɗɗe: zafi da ƙwayoyi duka suna shiga suna fita. Masararmu ke nan. Ruwa zai ci gaba da barin ta har ƙarfin da ke tura shi waje ya yi daidai da na iska, shi ya sa busasshiyar iskar hunturu ta fi ta damina shanya.

Tun 1876 Gibbs ya bayyana wannan ƙarfin, amma a wata ƙaramar mujalla ta Connecticut, cikin salo mai tsauri. Kaɗan ne suka karanta, har sai da Wilhelm Ostwald ya fassara aikin zuwa Jamusanci a 1892, Henri Le Chatelier kuma zuwa Faransanci a 1899. Daga nan masana sinadarai na Turai suka rungume shi. Gibbs ya rasu a 1903.

Jamusawa ba su jira kowa ya koyi Turanci ba, fassarawa suka yi. Mu fa? "Babban jeri" shawara ce kawai. Wanda ke da kalmar da ta fi ta, ya ajiye mana a ƙasa.