Hanyar Keke ta Great Divide

Hanyar Keke ta Great Divide wata doguwar hanyar yawon buɗe ido ce a kan keke a yammacin Arewacin Amurka. Tana bin tsaunukan Rocky daga lardin Alberta na ƙasar Kanada zuwa Antelope Wells da ke jihar New Mexico, a kan iyakar Amurka da Meziko. Tsawonta daga garin Banff ya kai kimanin kilomita 4,400. Ba a gina mata titi na musamman ba. An dai harhaɗa hanyoyin da suke akwai ne, yawancinsu hanyoyin burji da tsakuwa na gandun daji, sai ɗan titin kwalta da ke haɗa wani sashe da wani.

Tarihi

Ƙungiyar Adventure Cycling Association, mai hedikwata a birnin Missoula na jihar Montana, ita ce ta tsara hanyar ta kuma buga taswirorinta a ƙarshen shekarun 1990. Da farko hanyar tana farawa ne daga Roosville a iyakar Montana da Kanada. A shekarar 2003 aka tsawaita ta zuwa Banff, sannan a 2018 aka ƙara wani sashe har zuwa Jasper, wanda ya sa tsawonta duka ya kusa kilomita 5,000. Sunanta ya samo asali ne daga layin tudun da ke raba ruwan nahiyar biyu: wanda ya sauka yamma da shi yana tafiya tekun Fasifik, na gabas kuma tekun Atilantika.

Yanayin hanya

Hanyar ta ratsa Alberta da British Columbia, sai jihohin Montana, Idaho, Wyoming, Colorado da New Mexico. Kusan kashi 90 cikin 100 nata ba kwalta. Wuri mafi tsayi shi ne mashigin Indiana da ke kudancin Colorado, mai tsayin kusan mita 3,630 daga doron teku. Idan aka haɗa dukkan hawan da mai keke zai yi daga farko zuwa ƙarshe, ya haura mita 60,000.

Hanyar ba ta buƙatar gwaninta ta musamman, domin mota ma tana bin mafi yawanta. Abin da ke gajiyar da mutum shi ne yawan hawa da gargada. Saboda haka lissafin tafiyar yini da aka saba yi a kan kwalta ba ya aiki a nan. Masu yawon buɗe ido kan ɗauki makonni shida zuwa goma kafin su kammala.

Shirin tafiya

Abu na farko da ake tsayarwa shi ne lokacin tashi, kuma zaɓin ba shi da faɗi. Dusar ƙanƙara kan toshe mashigan tsaunuka na Kanada da Montana har cikin watan Yuni, tana kuma iya dawowa Colorado tun daga ƙarshen Satumba. A tsakani akwai daminar New Mexico ta watannin Yuli da Agusta, lokacin da ƙasar wasu hanyoyi ke zama taɓo mai danƙo, ya toshe taya da sarƙa har keke ya ƙi turuwa. Galibin matafiya na tashi daga arewa bayan ƙanƙara ta narke, don su isa kudu ruwan sama ya fara ɗaukewa. Taswirorin ma sun nuna wasu hanyoyin kwalta da ake kewayawa ta kansu idan laka ta yi yawa. Gobarar daji ita ma takan sa hukuma ta rufe wani sashe ba zato.

Na biyu shi ne ruwan sha. A arewa ƙoramu suna da yawa, tacewa kawai ake yi. A kwarin Great Divide na Wyoming kuwa, tsakanin Atlantic City da Rawlins, tazarar ta haura kilomita 200, fili ne fetal ba inuwa, ga iska, wuraren ruwa kuma ƙalilan. Dajin Gila na New Mexico ma haka yake da nisa tsakanin shago da shago. A irin waɗannan wurare nauyin ruwa da abinci ne ke yanke yawan sauran kayan da mutum zai ɗauka.

Garuruwa irin su Helena, Butte, Steamboat Springs, Salida da Silver City su ne zangon sayayya da gyaran keke. Tsakaninsu mai keke shi ne bakaniken kansa, don haka ba a tafiya ba famfo, faci da kayan gyaran sarƙa da birki. An fi amfani da keken hawan dutse mai ƙananan giya da faffaɗar taya ta inci biyu ko fiye. Irin wannan taya tana rage gudu a kan kwalta, amma kwaltar ba ta da yawan da za a zaɓi siririyar taya dominta.

Kwana ba shi da tsada, domin a mafi yawan filayen gwamnatin tarayya ana iya kafa tanti kyauta. Sai dai daga Kanada zuwa arewacin Wyoming yankin beyar ne, ciki har da babbar da ake kira grizzly. Matafiya kan riƙe feshin barkono na korarta, su kuma rataye abinci nesa da tanti.

Tseren Tour Divide

Tun daga 2008 ake tseren Tour Divide a kan hanyar, wanda ke tashi daga Banff a watan Yuni. Ba a biyan kuɗin shiga, ba kyautar kuɗi, kuma doka ta hana a bi ɗan tsere da motar taimako. A 2016 ɗan Birtaniya Mike Hall ya kammala shi cikin kwanaki 13 da sa'o'i 22 da minti 51.