Mi'irajus Su'ud: Fatawar Ahmad Baba a kan bauta

Mi'irajus Su'ud fatawa ce da malamin Tumbuktu Ahmad Baba (1556–1627) ya rubuta a shekarar 1615, bayan ya dawo daga tsarewar da Sarkin Maroko ya yi masa a Marrakesh. Mutanen Tuwat, zangon ayari a cikin Sahara, ne suka aiko masa da tambaya: wane baƙin mutum ya halatta a saya?

Malam ya yi watsi da zancen cewa baƙaƙe zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu ne da aka la'anta su zama bayi. A wajensa kafirci ne dalilin bauta, launin fata ba shi da hurumi. Ya ambaci Kano, Katsina, Borno da Songhai cikin ƙasashen da suka musulunta tun da daɗewa, don haka haramun ne a bautar da 'ya'yansu. Bawan da ya ce shi ɗa ne daga can, mai shi ne zai kawo hujja.

Masana tarihi sun rabu a kan wannan fatawa. Wasu na yabon yadda ta ƙi wariyar launi, wasu kuwa na nuna cewa ta bar ƙofar kamun waɗanda ba musulmi ba, kamar Mosi da Gurmawa, a buɗe.