Kadaria Ahmed: 'Yar Kano Mai Titsiye 'Yan Takara

A watan Maris na 2011 tashar NN24 ta shirya muhawarar masu neman shugabancin ƙasa. Shugaba Goodluck Jonathan bai halarta ba. Janar Muhammadu Buhari da Malam Nuhu Ribadu da Malam Ibrahim Shekarau, gwamnan Kano na lokacin, su ne suka tsaya gaban kyamara. Abin da Kanawa suka fi tunawa da shi a daren nan shi ne yadda Shekarau ya yi ta zubo bayani tiryan-tiryan. Amma wadda ta ja ragamar zaman, tana jefa tambaya, tana dawo da mai kewaye-kewaye kan hanya, ita ma haifaffiyar Kano ce: Kadaria Ahmed.

An haife ta a 1967, asalin iyayenta kuwa Zamfara. Ta karanta aikin jarida a Jami'ar Bayero, ta ƙaro digiri na biyu a fannin talabijin a kwalejin Goldsmiths da ke Landan, sannan ta yi shekaru a BBC tana shirya Focus on Africa da Network Africa.

Dawowarta gida ce ta fi ɗaukar hankalina. Ta zama editar jaridar Next, wadda Dele Olojede ya kafa a Legas. Jaridar ta yi suna wajen tono badaƙalar manya, musamman a harkar man fetur, kuma ta ɗanɗana kuɗarta: masu ba da talla suka ja baya, kuɗi ya ƙafe, aka daina buga ta a 2011. Wanda ya ga haka da idonsa ya san cewa ƙarfin hali kaɗai ba ya riƙe gidan jarida. Dole a sami abin biyan albashi da ba daga aljihun wanda ake bincika ya fito ba. A ganina, daga nan 'yar jarida ta fara tunanin zama 'yar kasuwa.

Ta gabatar da Straight Talk, daga baya kuma The Core, a tashar Channels. Ta kafa kamfaninta, Daria Media, wanda a Janairun 2019 ya haɗa hannu da NTA, da tallafin gidauniyar MacArthur, suka fito da shirin The Candidates. Tsarinsa ya bambanta da muhawara: ɗan takara da mataimakinsa ne za su zauna su amsa tambayoyinta da na jama'a kai tsaye. Buhari da Yemi Osinbajo sun zauna, Atiku Abubakar da Peter Obi ma haka. Magoya bayan kowane ɓangare suka yi mata caa, kowa na cewa an matsa wa gwaninsa. A ƙasar da aka saba ɗan jarida ya yi wa mai mulki tambaya yana sunkuyar da kai, ganin mace 'yar Arewa tana neman shugaban ƙasa ya fayyace amsarsa ba ƙaramin abu ba ne.

A Afrilun 2019 ta ajiye makirufo ta shiga sahun gaba na zanga-zangar da aka yi a Abuja kan kashe-kashen 'yan bindiga a Zamfara. Wasu sun ce ɗan jarida bai kamata ya hau titi ba. Ni ban ga laifinta ba. Mutanen jiharta ta asali ake binnewa.

A 2020 ta buɗe gidan rediyonta, RadioNow 95.3 FM, a Legas, inda labarai da tattaunawa kan al'amuran mulki suka fi yawa a shirye-shiryensa.