Me Ya Sa Europa Universalis V Ya Fara Daga Shekarar 1337?



Ranar 4 ga watan Nuwamba 2025 kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya saki Europa Universalis V. Ga wanda bai san irin wannan gem ɗin ba, babu gudu babu harbi a cikinsa. Taswirar duniya ce za a shimfiɗa maka, ka zaɓi ƙasa ɗaya, ka riƙe ta tsawon ɗaruruwan shekaru. Kai ne mai yanka haraji, kai ne mai ƙulla kasuwanci da zumunci da maƙwabta, kai ne kuma mai cewa a yi yaƙi ko a yi sulhu. Na huɗun ya fito tun 2013, kun ga ke nan shekara 12 aka yi ana jiran wannan. Reshen kamfanin mai suna Paradox Tinto, da ke kusa da Basalona a ƙasar Sifen, shi ne ya haɗa shi a ƙarƙashin Johan Andersson, wanda da shi aka faro wannan jerin tun na farko a shekarar 2000.

Mutane da yawa hankalinsu ya tafi kan kyawun taswira. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar min hankali shi ne shekarar farawa. Na huɗun yana farawa ranar 11 ga Nuwamba 1444, sabon kuma an ja shi baya zuwa 1337. Shekara 107 ke nan. Wani zai ce to sai me, ai duk dai zamanin da ne. A'a fa. Duniyar 1444 ta riga ta fara ɗaukar hanya, ta 1337 kuwa babu wanda zai kalle ta ya ce maka ga wanda zai yi sama.

DUNIYAR 1444

Ba haka kawai aka zaɓi 11 ga Nuwamba 1444 ba. Kwana ɗaya kafin nan ne Daular Usmaniyya ta murƙushe rundunar Turawa a yaƙin Varna, a ƙasar Bulgeriya ta yau. Daga nan saura shekara 9 kacal su ci birnin Kustantiniyya a 1453. A ƙasar Sin, gidan sarautar Ming ya daɗe da zama da gindinsa. A yammacin Turai, Fotugal ta kama garin Ceuta a gaɓar Maroko tun 1415, jiragenta sun fara gangarowa gaɓar Afirka ta Yamma, har a wannan shekarar ta 1444 aka yi babban cinikin bayin Afirka a garin Lagos na can Fotugal. Daular Mali kuma ta yi sanyi, Tumbutu ta fita daga hannunta zuwa na Buzaye tun wajajen 1433.

Shi ya sa duk wanda ya buga na huɗun ya san yadda abin yake. Ko ba ka taɓa komai ba, yawanci Usmaniyya za ta kumbura, Sifen da Fotugal su tsallaka teku, Faransa ta zama giwa. An riga an raba kati, kai dai ka buga wanda ya zo hannunka.

DUNIYAR 1337

To bari mu koma baya mu ga su wane ne manya a lokacin.

Usmaniyya a 1337 'yar ƙaramar masarauta ce a kusurwar Anatoliya, ɗaya daga cikin ƙananan masarautun Turkawa da yawa. Sarkinsu Orhan ya ci Bursa a 1326, ya ci Iznik a 1331, sai Izmit a 1337. Ba su da ko taku ɗaya na ƙasa a Turai. Abin da ya buɗe musu ƙofa daga baya shi ne rikicin cikin gida na Rumawan Kustantiniyya daga 1341, inda ɓangare ɗaya ya nemi taimakon Orhan har ya ba shi 'yarsa aure. Sannan a 1354 girgizar ƙasa ta rushe ganuwar Galiboli, Turkawa suka shiga suka zauna. Ku duba fa, daular da ta kai har 1922, rigimar gadon sarauta da girgizar ƙasa suna cikin abubuwan da suka ɗora ta a hanya.

Ingila da Faransa kuwa a wannan shekarar suka fara rigimar da ake kira Yaƙin Shekara Ɗari. A watan Mayu 1337 Sarkin Faransa Filib na Shida ya ce ya ƙwace yankin Akwiten daga hannun Sarkin Ingila Edward na Uku. Shi kuma Edward ya ce ai ma sarautar Faransar gaba ɗaya tasa ce, tunda mahaifiyarsa 'yar sarkin Faransa ce. Suna ne kawai shekara ɗari, amma sai da aka kai 1453, wato shekara 116 ana yi ana hutawa.

Idan ana maganar ƙarfi na gaske a lokacin, gabas za a duba. Masar tana hannun Mamalik a ƙarƙashin Sarki An-Nasir Muhammad, Alƙahira kuma tana cikin manyan biranen duniya, kayan yaji na Indiya ta nan suke bi su je Turai. A Indiya, Muhammad bin Tugluk yana mulki a Delhi, shi ne ma ya naɗa matafiyin nan Ibn Batuta alƙali. Ƙasar Sin tana hannun Mongol, zuriyar Kublai Khan, sai a 1368 aka kore su. Mosko kuwa, wadda daga baya ta zama uwar Rasha, a lokacin haraji take kai wa Uzbek Khan, sarkin Mongol na yankin kogin Volga. A Farisa da Iraƙi, sarkin Mongol na can mai suna Abu Sa'id ya rasu a 1335 bai bar magaji ba, ƙasar ta dare gida-gida. A Arewacin Afirka, Sarkin Maroko Abul Hasan ya ci Tilimsan a 1337 ɗin nan, yana neman haɗe Magrib duka a hannunsa.

Kun ga ke nan, mutumin da yake raye a 1337, in ka ce masa nan da shekara 500 tsibirin Ingila ne zai mallaki Indiya, dariya kawai zai yi maka.

INA NAMU YANKIN?

Tunda taswirar gem ɗin duniya ce baki ɗaya, dole mu leƙa gida. A na huɗun akwai Kano da Katsina da Zazzau da Borno da Songhai da Mali, amma Malin da ake ba ka a 1444 tsohuwa ce mai fama da kanta. A 1337 kuwa Mali tana kan ganiyarta. Shekara 13 ke nan da aikin hajjin Mansa Musa na 1324, wanda ya raba zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi a kasuwa. Wajajen wannan lokacin ne ma mulkinsa ya zo ƙarshe. Zinariyar da ke tsallaka Sahara daga nan tana cikin abin da ake buga kuɗi da shi a Magrib da Turai.

A Kano, bisa lissafin da aka saba bi na Kundin Tarihin Kano, Tsamiya ne sarki a 1337. Shekara 12 bayan nan, a 1349, Yaji ya hau, kuma a zamaninsa ne kundin ya ce Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci zuwa fada. A gabas, sarakunan Saifawa suna Kanem tukuna, ba su riga sun ƙaura zuwa Borno ba, sai a ƙarshen ƙarnin da Bulala suka matsa musu. Ibn Batuta da ya biyo ta Takedda a yankin Agadas a 1353 ya ba da labarin tagullar da ake haƙowa a can ana kai ta Gobir da Borno. Wato wanda ya zaɓi wata ƙasar Hausa a wannan gem ɗin zai fara ne daidai lokacin da biranenmu suke shiga babbar hanyar fatauci da ilimi, kafin Muhammadu Rumfa da kasuwar Kurmi da fiye da shekara ɗari.

ABIN DA KE TAFE BAYAN SHEKARA GOMA

Yanzu ga babban dalilin da ya sa nake ganin 1337 ta dace. Duk waɗannan sarakunan da na lissafa, babu wanda ya san abin da ke zuwa masa.

A shekarar 2022 masana suka binciki haƙoran gawarwakin da aka binne a 1338 da 1339 kusa da tafkin Issyk-Kul a ƙasar Kirgistan, suka samu ƙwayar cutar da ta haddasa annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa. Ƙuma da ke jikin ɓeraye da dangoginsu ne ke yaɗa ta. Ta bi hanyoyin fatauci, a 1346 tana Kafa a gaɓar Baƙin Teku, a watan Oktoba 1347 jiragen ruwa suka kai ta Mesina a tsibirin Sisili. Ta shiga Iskandariya a 1347, ta kai Alƙahira da Dimashƙ da Ingila a 1348. Cikin 'yan shekaru, tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen Turai suka mutu. A Tunis, wani saurayi mai suna Ibn Haldun ya rasa mahaifinsa da mahaifiyarsa da malamansa da yawa a wannan annobar. Shi ne daga baya ya zama babban masanin tarihi mai nazarin yadda dauloli suke tashi suke faɗuwa.

Abin lura shi ne, cuta ɗaya ce amma sakamakonta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, da manoma suka yi ƙaranci sai ƙwadago ya yi tsada. Masu gonaki suka ruga wajen sarki, aka yi doka a 1351 cewa kada wani ya karɓi ladan aiki fiye da na kafin annoba. Dokar ba ta iya tare abin ba. A 1381 talakawa suka yi bore saboda harajin kai, kuma sannu a hankali tsarin ɗaure manomi a gonar ubangidansa ya lalace. A Masar kuwa, noma ya dogara ne da madatsu da magudanan ruwan Nilu, waɗanda sai da hannaye masu yawa ake gyara su duk shekara. Da mutanen ƙauye suka mutu, wasu suka gudu birni, sai magudanan suka lalace, amfanin gona ya ragu, kuɗin shigan Mamalik ya ja baya. Shi kuma Abul Hasan na Maroko ya kama Tunis a 1347, amma a 1348 ƙabilun Larabawa suka ci shi da yaƙi kusa da Ƙairawan, annoba ta ƙara da nata, burinsa na haɗe Magrib ya watse.

Darasin a nan shi ne, ƙarfin sarki mutanensa ne. Manomi da maƙeri da bafatake su ne haraji, su ne abinci, su ne soja. In suka kwanta dama, fada ma sai ta girgiza.

YADDA GEM ƊIN YA ƊAUKI WANNAN

A na huɗun, ƙasa tana tara wasu maki ne iri uku daga iyawar sarkinta, na mulki da na diflomasiyya da na soja. Da waɗannan makin kake danna maɓalli gari ya bunƙasa nan take. Akwai daɗin bugawa, amma mutane ba sa cikin lissafin sosai. A sabon, bisa bayanan da masu haɗa shi suka riƙa fitarwa mako-mako tun ana kiran aikin Project Caesar, an cire waɗannan makin. Kowane gari yana da adadin jama'arsa, da addininsu da al'adarsu da matsayinsu, akwai masu sarauta da malaman addini da 'yan kasuwa da talakawa. Daga cikinsu ake ɗiban mayaƙa, in sun mutu a fagen daga kuma, gonakinsu da sana'o'insu ne za su rasa hannu. Sannan ikonka yana raguwa gwargwadon nisan gari daga babban birninka, sai ka gina hanyoyi ko ka yi amfani da kogi da teku kafin harajin can ya iso maka yadda ya kamata.

To ku haɗa wannan da shekarar farawa. Ka yi shekara goma kana gina ƙasa, kana murna baitulmali ya cika, sai annoba ta shigo ta kwashe maka jama'a. Lokacin ne za ka fuskanci irin tambayar da Edward na Uku da sarakunan Masar suka fuskanta: za ka matsa wa sauran da haraji ne don ka ci gaba da yaƙi, ko za ka sassauta musu su farfaɗo? Da a 1444 aka fara, da duk wannan ya wuce kafin ka zauna a kujera.

Sai dai a riƙa tunawa gem gem ne. Dole ya mayar da abubuwa lambobi, dole kuma ya zana iyaka a wuraren da a zahiri babu layi a ƙasa, musamman irin namu yankin da iko yake bin gari da hanya da wanda ke kai gaisuwa ga wani. Amfaninsa shi ne ya sa ka yi tambaya. Ranar da ka ga Bulala sun taso wa Kanem a allonka, ka je ka nemi labarinsu na gaske.

Abu na ƙarshe, gem ɗin na kwamfuta ne mai Windows, ta Steam ake sayensa, kuma yana son na'ura mai ƙarfi. Kafin ka kashe kuɗinka, duba abin da ake buƙata a shafinsa na Steam ka gwada da taka. Babu na Android, babu na iPhone. Duk wanda ya turo maka APK ya ce shi ne, kada ka sauke, wayarka kawai za ka jefa cikin matsala.

To ku fa, wace ƙasa za ku fara ɗauka? Malin Mansa Musa da zinariyarta, Kanon Tsamiya, ko 'yar masarautar Orhan da ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai?